Me ya sa ruwa ba ya kai digiri 100 kafin ya tafasa a Maƙarfi?

Duk wanda ya zauna a ajin kimiyya ya haddace lambobi biyu: ruwa yana tafasa a digiri 100, yana daskarewa a digiri 0, a ma'aunin Selshiyos. Amsar jarrabawa ce, kuma malami zai ba ka makinka cif a kanta. Amma da za ka ɗora tukunyar ruwa a kan murhu a Maƙarfi, ko Ikara, ko Hunƙuyi ta ƙaramar hukumar Kudan, ka tsoma ma'aunin zafi mai kyau a ciki, za ka ga ruwan yana ta zaɓaɓɓaka alhali ma'aunin bai wuce digiri 98 ba. Ka ƙara itace, ka yi ta fifita har idonka ya yi ja, ba zai kai 100 ba. Ma'aunin lafiyarsa ƙalau, kuma malaminka bai yi maka ƙarya ba. Akwai wani sharaɗi ne da ba a cika faɗa ba: digiri 100 ɗin nan na wanda yake daidai da bakin teku ne, kamar mutumin Legas.

Shi kansa Anders Selsiyos, masanin ƙasar Suwidin da ya tsara wannan ma'auni a 1742, ya san da haka, don ya gwada ya ga cewa zafin tafasa yana canzawa idan matsin iska ya canza. Abin dariya ma, a tsarinsa na farko 0 ne tafasa, 100 kuma daskarewa. Daga baya aka juya shi ya koma yadda muka san shi yau.

Mece ce tafasa tukuna?

Ruwa tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kullum suna cikin motsi suna gogayya da juna. Zafi ba komai ba ne illa ƙarfin wannan motsi. A kowane lokaci wasu daga cikin ƙwayoyin da ke saman ruwa suna samun ƙarfin da za su kuɓuce su shiga iska. Shi ya sa wanki yake bushewa a kan igiya, tumatirin da aka yanka aka shanya ya zama kauɗa, ba tare da an kai ko kusa da digiri 100 ba. Wannan ƙafewa ce, kuma daga sama kawai take faruwa, a hankali.

Tafasa daban take. A tafasa, tururi ne yake haɗuwa a can cikin ruwan, ya yi kumfa, kumfar ta kumbura ta taso sama. To amma kafin kumfa ta iya kumbura sai ta ture abin da ke danne da ita. Me ke danne da ita? Iska. Muna zaune ne a ƙarƙashin tulin iska mai kaurin kilomita da yawa, kuma iskar nan tana da nauyi. A bakin teku, kowane wuri mai faɗin farcen yatsa yana ɗauke da nauyin iska kimanin kilo ɗaya. Ba ma jin sa ne kawai saboda a cikinsa aka haife mu, kuma jikinmu yana turawa daga ciki daidai gwargwado.

Ka ɗauke shi kamar kokawa. Tururi yana turowa daga ciki, iska tana dannawa daga waje. Duk lokacin da ruwa ya ƙara zafi, ƙarfin turin tururin yana ƙaruwa. A daidai lokacin da ya kamo ƙarfin dannawar iska, kumfa ta samu hanya, ruwa ya tafasa. A bakin teku wannan kunnen doki yana faruwa ne a digiri 100. Idan iskar ta yi sauƙi, tururi zai kamo ta da wuri.

Ƙasarmu ta arewacin Zazzau tudu ce, ko da yake ido yana ganin ta shimfiɗe. Ikara, Maƙarfi da Kudan suna kan tsayin da ya kai tsakanin mita 600 zuwa 700 sama da teku. Iskar da ke kanmu ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi 8 cikin 100. Lissafin da ake yi a saukake shi ne: duk hawan mita 300, zafin tafasa yana sauka da digiri ɗaya. Ka ga inda digiri biyun nan suka tafi kenan. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96. A kan tsaunin Mambila ya ƙara yin ƙasa. A ƙolin dutsen Ebares, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya da mita 8,849, ruwa yana tafasa a kusan digiri 70, zafin da ko shayi ba zai jiƙu da kyau a cikinsa ba, balle wake ya nuna.

Itacen da ake ƙonawa a banza

Ga inda wannan bayani ya shafi aljihu. Da zarar ruwa ya fara tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya, zafinsa ya tsaya kenan. Duk wutar da aka ƙara bayan haka ba ta ƙara masa zafi, sai dai ta mayar da ruwan tururi ya bi iska. Kuma mayar da ruwa tururi yana cin wuta ba kaɗan ba: makamashin da ake buƙata don ƙone lita ɗaya ƙurmus bayan ta tafasa ya ninka wanda aka yi amfani da shi wajen kai ta ga tafasa fiye da sau bakwai.

Ma'anar wannan ita ce, tukunyar waken da ke tafasa a hankali da wadda ake ta zuba wa wuta tana tsalle-tsalle, zafinsu ɗaya ne, digiri 98, kuma kusan lokaci ɗaya za su nuna. Bambancin kawai, ta biyun ta cinye itace ko gas mai yawa, ruwanta ya ƙone, an ƙara na sanyi, girkin ya koma baya. Uwar gida da ke zare itace biyu daga murhu idan tukunya ta tafasa, ta rufe da murfi, lissafinta daidai yake. A ganina, a yankin da itacen girki yake ƙara tsada kuma daji yake ƙara nisa, wannan ɗan bayani ya fi cancantar a koya wa yara fiye da haddace lamba 100.

Wani zai tambaya: to idan ruwanmu ba ya kai 100, tafasa ruwan sha tana kashe ƙwayoyin cuta kuwa? Ƙwarai. Ƙwayoyin da ke kawo kwalara, taifot da gudawa suna mutuwa tun ruwa bai kai ga tafasa ba, daga digiri 70 zuwa sama ba sa daɗewa. Ana cewa a bari ya tafasa ne don tafasa alama ce da kowa zai gani da idonsa ba sai da ma'auni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da ya tafasa sosai ya wadatar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar a bar shi minti ɗaya yana tafasa, sai a wuraren da suka haura kimanin mita 2,000 ne take cewa minti uku. Mu ba mu kai ko rabin wannan tsayi ba.

Kaskon mazarƙwaila

Na ce zafin ruwa yana tsayawa idan ya tafasa. Mai dafa mazarƙwaila zai ce ba haka yake gani ba, kuma yana da gaskiya, don abin da ke cikin kaskonsa ba ruwa zalla ba ne.

An san Maƙarfi da Kudan da noman rake, kuma inda rake yake nan mazarƙwaila take. Ruwan raken da aka matse, kusan kashi huɗu cikin biyar ɗinsa ruwa ne, sauran kuma yawanci sukari. Aikin mai dafawa shi ne ya kori ruwan nan ya bar sukarin. Da farko ruwan raken yana tafasa kusan daidai da ruwan rijiya, ana kwashe kumfa da dattin da ke tasowa. Sa'o'i suna tafiya, tururi yana tashi, zafin yana nan kusan inda yake. Amma yayin da ruwa ke raguwa, sukarin da ya rage yana ƙara kauri, ƙwayoyinsa suna cakuɗe da na ruwa suna rage musu damar kuɓucewa. Turin tururi ya yi rauni, don haka sai an ƙara zafi kafin ya kamo nauyin iska. Sai zafin tafasa ya fara hawa: 102, 105, 110. Can ƙarshe hawan yana yin sauri sosai, don ruwan da ya rage kaɗan ne.

Wannan ya sa zafin kaskon ya zama ma'aunin yawan ruwan da ya rage a ciki. A Indiya, inda ake yin irin wannan sukari da yawa kuma aka yi nazari a kansa sosai, ana sauke kasko ne idan zafi ya kai wajen digiri 115 zuwa 120. Idan an sauke kafin nan, ruwa ya yi yawa, mazarƙwailar ba za ta sandare da kyau ba, ta riƙa danƙo, kuma ba ta jure ajiya. Idan an wuce, ta ƙone ta yi baƙi ta yi ɗaci. Tazarar 'yan mintuna ce, kuma kuɗin rake da na leburori da na injin matsa duk a kanta suke. Gwanayen wannan sana'a ba ma'auni suke riƙewa ba. Suna kallon girman kumfa da yadda take fashewa, da yadda ruwan ke zuba daga ludayi, da launi, da ƙamshi. Abin da suke karantawa da ido shi ne dai abin da ma'aunin zafi zai nuna da lamba.

Ga wani tarko kuwa ga matashin da ya shiga sana'ar da ma'auni a hannu da lambar da ya samo a intanet. Yawancin lambobin nan an auna su ne a wurare masu kusa da tsayin teku. A Maƙarfi komai ya sauka da kusan digiri biyu. Idan littafi ya ce a sauke a 118, kai kuma ka jira ma'auninka ya nuna 118, ka riga ka wuce wurin. Maganin abin mai sauƙi ne: ka fara tafasa ruwa zalla a wurin da za ka yi aikin, ka ga lambar da ma'aunin ya nuna. Gibin da ke tsakaninta da 100, shi za ka cire daga lambar littafi.

Tun da ana maganar narkakken abu a ruwa, bari in taɓa batun gishiri. Ana yawan cewa zuba gishiri yana sa ruwa saurin tafasa, wasu kuma su ce yana ƙara masa zafi. Ta biyun ce ke da ƙamshin gaskiya, amma ƙaramin cokali ɗaya a lita guda ba ya ƙara abin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma na digiri. Sai ka zuba kusan giram 60 a lita kafin ka samu digiri ɗaya, kuma wannan miyar ba mai shan ta.

Idan aka zuƙe iskar fa?

Tun da nauyin iska ne ke hana ruwa tafasa, me zai faru idan aka rufe tukunya ruf aka zuƙe iskar da ke ciki? Ruwan zai tafasa tun bai yi zafi sosai ba. Idan matsin ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin biyar na wanda muka saba, ruwa yana tafasa a digiri 60. Kana iya gwadawa a gida da sabon sirinji marar allura: ka zuƙi ruwa mai ɗumi sosai kaɗan, ka fitar da iskar da ke ciki, ka toshe bakin da yatsa, sannan ka ja hannun sirinjin baya da ƙarfi. Za ka ga ruwan yana tafasa a hannunka ba wuta ba hayaƙi. Ka saki, ya lafa.

Wannan wasan yara shi ne ginshiƙin sana'ar tumatirin gwangwani, kuma Ikara ta san wannan sana'a, don tun farkon shekarun 1980 aka kafa masana'antar sarrafa tumatir a garin. Tumatir ɗanye kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne. Kafin a samu kilo ɗaya na markaɗaɗɗen tumatir mai kauri sai an sarrafa wajen kilo shida na ɗanye. Da za a kori wannan ruwa a buɗaɗɗen kasko, tsawon lokacin da zai ɗauka a kan wuta zai dusashe jan launin ya koma ruwan ƙasa, ɗanɗano ya canza. Duk wadda ta taɓa dafa markaɗe don ajiya ta ga yadda yake yin duhu. Saboda haka masana'antun tumatir a duniya suna tafasa shi ne a cikin manyan tukwanen ƙarfe rufaffu da aka rage wa matsi, inda ruwan ke fita a zafin da bai kai na tafasar gida ba, launin ya tsira.

Masu yin sukari ne suka fara wannan dabara. Edward Howard, wani Bature ɗan Ingila, ya ƙirƙiro tukunyar dafa sukari mai ragaggen matsi a 1813. Sai Norbert Rillieux, injiniya mai jinin Afirka da aka haifa a birnin New Orleans na Amurka a 1806, ya kai abin wani mataki a shekarun 1840. Ya jera tukwane, kowace matsinta bai kai na wadda ke gabanta ba. Tururin da ya tashi daga ta farko, maimakon ya bi iska, shi ake turawa ya tafasa ta biyu, don ita a ƙaramin zafi take tafasa. Na ta biyu ya tafasa ta uku. Wuta ɗaya ta yi aiki sau uku ko huɗu. Har yau da wannan tsari manyan masana'antun sukari suke aiki. Ka kwatanta da kaskon mazarƙwaila, inda duk tururin da ya tashi ya tafi da zafinsa kenan har abada.

Idan kuma aka juya lissafin, aka rufe tukunya aka hana tururi fita, matsi zai taru a ciki, zafin tafasa ya hau. Tukunyar matsi kenan, mai fito ɗin nan, wadda asalinta ya koma ga Denis Papin ɗan Faransa a 1679. A cikinta ruwa yana kai wajen digiri 120, shi ya sa ganda da ƙafar saniya da wake suke nuna cikin ɗan lokaci. Asibitoci suna amfani da babbar yayarta wajen tsabtace almakashi da sauran kayan aiki, a digiri 121 na aƙalla minti 15, saboda akwai ƙwayoyin cuta irin na tetanus da ke shiga wani ƙoƙo mai tauri wanda tafasar gida ba ta tabbatar da kashe shi. Ɗaliban kiwon lafiya a kwalejin Shehu Idris ta Maƙarfi za su gane abin da nake nufi: tafasa ruwan sha daban, tsabtace kayan tiyata daban.

Lagireton mota ma tukunyar matsi ce. Murfinsa yana riƙe matsi don ruwan ya wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba. Idan mota ta yi zafi a hanyar Zariya zuwa Kano, direba ya yi gaggawar buɗe murfin, matsin ya faɗi nan take, ruwan da ke kan digiri 110 ko fiye ya tsinci kansa sama da zafin tafasarsa, sai ya yi tsiri gaba ɗaya zuwa fuska da hannu. A jira injin ya huce tukuna.

Daskarewa ba ruwanta da tudu

Mutum zai zaci tun da tafasa ta sauka da digiri biyu a Maƙarfi, daskarewa ma ta gusa. Ba ta gusa ba, ko kuma a ce gusawar ba ta kai a auna ta da ma'aunin gida ba. Dalili shi ne, idan ruwa ya zama tururi yana kumbura fiye da sau 1,600, don haka abin da ke danne shi yana da ta cewa sosai. Idan kuwa ya zama ƙanƙara, girman nasa kaɗan yake canzawa.

Amma canjin yana da ban mamaki. Yawancin abubuwa tsukewa suke idan sun daskare, ruwa kuwa ƙaruwa yake da kimanin kashi 9 cikin 100, saboda ƙwayoyinsa suna jeruwa cikin wani tsari mai ramuka. Shi ya sa ƙanƙara take yawo a saman zoɓo, kwalbar lemo take fashewa idan an manta ta a firiza, ledar fiya wata take yin tamau. Kuma tun da ƙanƙara ta fi ruwa cin wuri, matsa ta yana tura ta ne ta koma ruwa. James Thomson ya hango haka da lissafi a 1849, ƙaninsa William, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya tabbatar da shi da gwaji a 1850. Sai dai tasirin ƙanƙani ne: kafin ka sauke zafin daskarewa da digiri ɗaya tak, sai ka ninka matsin iskar da muke ciki sau 130 da wani abu.

Abin da ke girgiza daskarewa da gaske shi ne narkakken abu a cikin ruwan. Giram 60 ɗin gishirin nan da ya ɗaga tafasa da digiri ɗaya, yana sauke daskarewa da fiye da digiri uku. Ruwan teku sai ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili yake daskarewa, ruwan gishiri mai kauri sosai kuwa yana iya kai 21 ƙasa da sifili yana nan a ruwansa. Da wannan ne injinan ƙanƙarar bulo da yawa suke aiki: ana sanyaya kwatamin ruwan gishiri ya sauka ƙasa da sifili, a tsoma gwangwanayen ruwa mai kyau a ciki, ruwan gishirin ya zuƙe musu zafi ta kowane gefe. Sukari ma yana yin irin wannan aiki, ko da yake bai kai gishiri ba, shi ya sa zoɓo da kunun aya masu zaƙi suke rigima kafin su daskare, ruwan leda ya riga su.

Ita ma narkewa tana da irin tsayawar da muka gani a tafasa. Muddin akwai sauran ƙanƙara a cikin kula, ruwan da ke kewaye da ita yana nan kusa da digiri 0. Zafin da kilo ɗaya na ƙanƙara ke sha kafin ya narke zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga 0 zuwa digiri 80. Wannan ne ya sa bulo ɗaya yake riƙe kular mai sayar da lemo tun hantsi har la'asar, a watan azumi kuma farashinsa ya tashi.

A ƙasarmu ko a tsakiyar hunturu sanyin dare ba ya kai wa ga daskarar da ruwan randa. Duk da haka ƙanƙara tana faɗo mana daga sama, kuma sau da yawa a farkon damina, lokacin da ake fama da zafi. Yayin da ake hawa sama iska tana yin sanyi da kimanin digiri 6 da rabi a kowace kilomita, don haka wajen kilomita biyar a saman gonakin Kudan an riga an kai sifili ko da ƙasa tana ƙuna. Hadarin farkon damina yana yin tsiri ya wuce nan nesa. A can sama ɗigon ruwa mai tsabta yana iya kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili bai daskare ba, har kusan 40, saboda ƙanƙara tana buƙatar wani abin da za ta fara ginuwa a kansa, kamar ƙwayar ƙura. Da zarar irin wannan ɗigo ya ci karo da ƙaramin ƙanƙara sai ya manne ya daskare nan take. Iska mai ƙarfi da ke hawa sama tana riƙe ƙwallon yana ta tara riga a kan riga, har ya yi nauyin da ba za ta iya ɗauka ba, ya faɗo kan kwanon ɗaki ko ganyen masara. In ka samu babba ka raba shi biyu da wuƙa kafin ya narke, za ka ga zobba-zobba a ciki kamar na albasa.